Mai Gyaɗar Kubrin Kande

Ran nan jikata ta tsaya a kaina ina tankaɗe yashi a tsakar gida, ta ce, "Kaka, wai wannan ma sana'a ce? A zuba gyaɗa a wuta, a kwashe, a je a zauna a kan gada?" Da Larabci ta faɗa, kamar yadda dukanku kuke yi, a yi muku Hausa ku mayar da Larabci. Ban zage ta ba. Rariya na miƙa mata, na ce ta tankaɗe mini kwano ɗaya. Ba ta kai rabi ba ta ce hannunta ya ƙage. To, ita da ire-irenta nake rubuta wa wannan. Wanda bai iya karatun Hausa ba a cikinku ya nemi mai karanta masa. Ni ma sai da na haura arba'in ana karanta mini.

Sana'ata suyar gyaɗa ce, wadda mutanen garin nan suke ce wa loz. Na fara ta a bakin babban titin da ke gefen unguwarmu ta Jurf a nan Madina, na ci gaba da ita a kan kubri, wato gadar masu tafiya a ƙafa da aka ɗora a saman titin daga baya. Gadar ba ta da allo, ba wanda ya yanka mata rago. Amma tana da suna, kuma ni na san yadda sunan ya hau ta. Ba za ku gane labarin ba sai kun san aikin, saboda haka ku yi haƙuri mu fara da yashi.

Ranar da na fara koyo, ba bakin titi aka kai ni ba, kwarin Aƙiƙ aka kai ni da buhu a hannu. Wadda ta kai ni ita ce maƙwabciyata Hajja Kande. A lokacin ban daɗe da zuwa daga Katsina ba, bayan yaƙin Kuwait da kaɗan. Maigidana yana aiki a wata gonar dabino a Khaibar, sai wata-wata yake leƙowa, ni da yara uku a ɗaki ɗaya. Kande kuwa a nan aka haife ta, a nan aka haifi ubanta. Kakanta ne ya taho hajji da ƙafa bai koma ba. 'Yar ƙasa ce da takardarta. Sunan da ke jikin takardar Halima, amma bayan maza huɗu aka same ta, sai uwarta ta riƙa kiran ta Kande, ya bi ta. Doguwa ce, baƙa wuluk, ga murya. Larabcinta ya fi Hausarta ƙwari, in ta yi fushi sai ta haɗa su biyun ta watsa maka.

"Duƙa," ta ce da ni a cikin kwarin. "Damƙi wannan. Buɗe hannunki."

Na buɗe, yashin ya dunƙule.

"Laka ce. Zubar. Wanda za ki ɗiba shi ne wanda ya ƙi zama a hannunki."

Sai ruwa ya yi gudu a kwarin ya janye ake samun irinsa, kuma kun san ruwan saman garin nan, sai ya ga dama. Ki kawo gida ki wanke sau uku har ruwan ya fita fari, ki shanya a saman soro kwana biyu, ki tankaɗe. Sabon yashi mugu ne, yana ƙona gyaɗa ta waje ya bar cikinta ɗanye. Sai ya sha suya ya yi baƙi da mai sannan yake yin hankali. Shi ya sa ba a zubar da tsohon yashi, ƙari ake yi masa. Na Kande tun na uwarta ne. Da ta yarda da ni ta ɗibar mini kwano ɗaya, shi ne har yau nake ƙara wa.

Wata guda cur ban taɓa kasko ba, tsinta kawai nake yi. Za ta zazzage buhun gyaɗar Sudan a tabarma ta ce in ware, mai ƙwaro gefe, tsagaggiya gefe, wadda ta yanƙwane gefe. Wata rana bayana ya ƙage, na yi sauri-sauri na ce na gama. Ta sa yatsa ta juya sau ɗaya, ta zaro ƙwaya guda.

"Buɗe baki."

"Hajja, ai lafiyarta ƙalau."

"Indo, buɗe baki na ce."

Na tauna. Ɗacin har hanci. Na juya zan tofar, ta ce in haɗiye.

"Kin ji? Mutum ya ci hamsin masu daɗi, ya ci wannan a ƙarshe, da ita zai tafi a bakinsa. Kuma ba zai ce Indo ce ta sayar masa ba. Cewa zai yi kayan Takarna ƙazanta ne. Ke kaɗai ki yi sakaci, mu duka mu sha zagi."

Takarna shi ne sunan da ake yi wa duk baƙin mutum mai tushe a ƙasashenmu, ko da kakan kakansa a nan aka binne shi. A bakin wani suna ne kawai. A bakin wani tofin yawu ne. Kunne yana rarrabewa.

Suyar kanta da kunne ake yin ta, ba da ido ba. Ki tsoma gyaɗar a ruwan gishiri daidai tsawon alwala, ki tsame, ki baza a buhu ta sha iska. Ki ɗora kasko, ki zuba yashi, ki kara bayan hannunki a samansa. In kin iya ƙirga biyar bai yi ba, in ba ki iya ƙirga biyu ba ya wuce. Daga kin zuba gyaɗa babu tsayawa. Ludayin ƙarfe daga ƙasa zuwa sama, ko sallama aka yi da baki za ki amsa, ko yaro ya faɗi sai dai ya tashi da kansa. Da farko ƙararta mai nauyi ce, kamar mai takalmi yana tafiya a tsakuwa. Can sai ta yi sauƙi, ki ji tas, tas, ɓawon yana fashewa. A nan ake saukewa, tun ido yana cewa ba ta yi ba, domin zafin cikinta zai ƙarasa ta a faifai. Wadda ta jira idonta ya gamsu ta ƙona kasko. Ki juye a rariya yashin ya koma mazauninsa, ki baza, kada ki rufe, in kin rufe da zafi za ta yi gumi ta yi laushi. Daga sallar asuba zuwa hantsi ke nan, a ɗakin da ba na'urar sanyi, a zafin Madina. Ku duba tsintsiyar hannuna. Wannan tabon ba lalle ba ne.

Sai takarda. A cikin takarda muke ƙunshe gyaɗa, a naɗe ta kamar ƙaho. Amma nan garin Manzo ne, ko tallan tayar mota ka ɗauka sai ka tarar da sunan Allah a samansa. Ka ƙunshe gyaɗa a ciki, mai saye ya ci ya yar, a tattake. Ni ko alif ban sani ba. Kowace yamma nakan tattara takarduna in kai wa Kande, ita ta yi makaranta shekara uku tana yarinya. Ta ɗaga, ta duba, ta ce wannan yi ƙunshi, wannan a ƙona. Haka duk sauran matan suke yi. Mu shida ne a bakin titin ban da ita, idonta ne idonmu.

Abin da ya fi komai wuyar koyo shi ne tashi. Ba mu da izinin zama a wurin, wannan gaskiya ce, ba na ɓoye ta. Masu kamen kaya sukan zo, aikinsu suke yi. 'Yar ƙasa kaya kawai za ta rasa. Irina kuwa, mai takardar zama a ƙarƙashin miji ba ta sana'a ba, abin yana iya kaiwa ga jirgin mayar da ni ƙasarmu. Saboda haka shimfiɗar da muke baza kaya a kai tana da zariya a bakinta, irin ta wando. Ja ɗaya, ta tattare ta zama jaka, ki saɓa ki wuce. Kande ce mai tsaye, tunda ita ba ta da abin gudu. In ta hango su sai ta ɗaga murya ta ce, "Ruwa!"

Kalmar an zaɓe ta ne da hankali. Balarabe bai san ta ba. Ruwan sama sai a yi wata da watanni ba a gan shi ba. Ruwan sha kuwa dukanmu moya muke ce masa kamar kowa a garin, har a cikin Hausarmu. To ba wani dalilin da zai sa a ce ruwa a bakin titin nan sai dalili ɗaya. A tsakar gidanta ta riƙa gwada ni. Ina cikin magana sai ta ce ruwa, in na ɗago kai ta make ni da mafici.

"Wa ya ce ki dube ni? In kin ji ruwa ba waige, ba tambaya, ba jiran 'yar uwa. Ja zariya ki bi lungu. Wadda ta waiga ita ake kamawa. Ki zauna a inda kika ɓuya sai na zo da kaina na ce an ɗauke."

Na koya. Na fi kowa iyawa. Kafin ta rufe baki na sha kwana.

Masu sayenmu iri-iri ne, kuma ba zan yi wa kowa ƙarya ba. Akwai 'yan matan makarantar da ke bayanmu, masu cewa khala, wato gwaggo, ƙara mini. Akwai leburori 'yan Bangladesh da gyaɗar ce abincin ranarsu. Akwai direbobin manyan motocin alhazai. Akwai wani dattijo Balarabe mai kantin littattafai a tsallaken titi, shi yake tara wa Kande gutsattsarin farar takarda kyauta, in ya gan ta yakan miƙe tsaye. Akwai kuma wanda zai jefo kuɗinsa a ƙasa don kada hannunsa ya taɓa naki. Irin wannan Kande ba ta ɗauka. Takan ce, "Ya walad, kai yaro, abinka ya faɗi," ta bar shi a tsaye har sai ya duƙa.

Akwai kuma samarin mota. Wasa ne a wurinsu. In sun hango baƙar mace tana tsallaka titi da kaya a ka, sai su karkato motar kanta suna ihu, "Ya abda, gudu!" Abda baiwa ke nan, ga wanda bai sani ba. So suke su ga kaya sun watse, mace tana gudu tana tattare abaya, su yi dariya su wuce. Ni na sha yi musu gudun. Kande ba ta taɓa yi ba. Takan tsaya cak ta zuba musu ido, su kauce.

"Hajja, wata rana ba za su kauce ba," na ce da ita.

"In gudu a titin da kakana ya taka tun babu kwalta? Su je su tambayi ubansu yaushe ya zo."

Ranar da abin ya faru, tsakiyar zafi ne, bayan la'asar. Manyan motocin alhazai biyu sun tsaya a gabanmu sun tare mana titi, injinansu a kunne suna ruri. Kande ta tsallaka ta karɓo takarda a kantin dattijon. Ina ƙulla wa wani direba gyaɗa sai na ji muryarta daga bayan motocin.

"Ruwa."

Ba da ƙarfin da ta saba ba. Wannan ma sai daga baya na tuna. A lokacin hannuna ya riga kaina. Na ja zariya, na saɓa, tarmus ɗina na ruwan sanyi yana rataye a kafaɗa kamar kullum. Ina shiga lungu na sake jin ta, sau biyu. Ban waiga ba. Babu wadda ta waiga a cikinmu.

A bayan gidan burodi muka tsuguna, mu shida. Muka yi ta jira ta zo ta ce an ɗauke. Har Hajja Mairo, wata 'yar Damagaram da ke zama kusa da ni, ta fara wasa, wai yau ruwan kamar na Agusta. Da jiran ya wuce misali na ba Mairo jakata na leƙa.

Babu masu kame. Motocin alhazai sun tafi. Titin ya yi fari da takarda, iska tana wasa da ita. Mutane sun yi da'ira, a tsakiya an rufe wani abu da kwali, ƙafafu a waje. Na san takalmin.

Wani mai shara ɗan Bangladesh ne ya faɗa mini, da guntun Larabcinsa da nawa. Samari ne a mota. Sun yi ihunsu, sun karkato, ta tsaya, ba su kauce ba. Ba su kuma tsaya ba. Ya ce ta daɗe da ranta. An roƙi wani mai mota ya ɗauke ta, ya ce wa ya san ta wace ce, wa ya san ko tana da takarda, shi ba ya son a riƙe shi. Takardar kuwa tana ƙulle a ƙirjinta. Dattijon kantin ne ya kira motar asibiti, ya tsuguna yana laƙanta mata shahada. Kafin motar ta iso ta cika.

Sai mai sharar ya ce, "Kalma ɗaya take ta faɗi. Na tambayi kowa a nan, ba wanda ya sani. Mama, mene ne ruwa?"

Mutum shida ne a duk titin nan suka san ma'anar kalmar, kuma dukanmu muna bayan gidan burodi, ni da tarmus cike a kafaɗa. Matar da Larabci ya fi zama a bakinta ba ta ce moya ba. Ko harshen uwarta ne ya dawo mata, ko mu take kira don ta san mu kaɗai za mu gane, ban sani ba. Abin da na sani shi ne ta koya mana gudu, kuma mun iya.

Abin da aka yi da samarin ban sani ba, ba kuma zan ƙirƙira ba. 'Ya'yanta ne suka bi maganar, ba su faɗa mana ba. An binne ta yadda ake binne kowa a garin nan, ba suna a kan kabari, mace kuma ba ta shiga. Haka addini ya zo, ba na ja. Amma ke nan babu ko dutse ɗaya a Madina da za ka nuna ka ce nan Kande.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Cikin mu shida huɗu suka bar sana'ar, saura ni da Mairo. Kasko uku na ƙona a mako ɗaya, abin da ban taɓa yi ba ko ina koyo. Ga takarda ta taru ba mai duba mana. Na kai wa 'yata, ta ce wannan babu komai, ashe a ƙasa akwai aya da ƙananan baƙaƙe, wani mai saye ne ya nuna mini, ya kuma faɗa mini maganar da ba zan rubuta ba. Washegari na je makarantar manyan mata da ake yi da yamma a unguwa. Malamar ba ta girmi 'yata ba. Ta tambaye ni me ya kawo ni, na ce gyaɗa. Ajin ya yi dariya. Shekara biyu ina zuwa da hannu mai tabo ina riƙe fensir kamar ludayi. Wannan rubutun na Hausa daga baya ne wata matar Kano ta koya mini, amma baƙaƙen Larabci su na fara sani.

A cikin haka aka gina gadar. Ba don Kande aka yi ta ba, kada wani ya gaya muku haka. Titin ya ci mutane da yawa, farare da baƙaƙe. Da aka buɗe ta, masu wucewa suka koma sama, mu ma muka bi su da shimfiɗunmu. Sababbin mata suka zo, na zama ni ce babba. Kalmar tashi na canja ta, "an yi baƙi" muke cewa. Kuma na soke dokar waige. Kowace sai ta waiga sau ɗaya ta ga bakin da ya yi maganar a tsaye yake ko a kwance.

Gada ba ta zama babu suna. Wata rana ina cikin motar haya ta haɗaka, muka doso wurin, direba ya ce, "Kubrin Takarna, akwai mai sauka?" Wasu suka yi murmushi. Na sauka. Cikin wata guda na ji shi a baki uku. Na ga in aka bar shi haka zai zauna, jikokinmu su riƙa faɗin sa da bakinsu in za su je gida. A daidai ƙarƙashin gadar nan aka rufe ta da kwali, kuma kalmar da za a liƙa wa wurin 'yar uwar abda ce, wadda aka jefe ta da ita.

A ranar na sayi biro. Kowane ƙahon takarda, kafin in zuba gyaɗa, sai na rubuta a jikinsa da Larabci: Kubrin Kande. Rubutuna kamar tafiyar kaza, amma yana karantuwa. Aikin ya ƙara mini awa guda kullum. In mai saye ya ce gobe zan same ki a Kubrin Takarna, sai in ce ba na zuwa can, ban san inda yake ba, duba takardar hannunka. Bakin masu sayen Kandi yake iya cewa. Ban damu ba.

Mairo ba ta so ba. "Indo, ki rufa mana asiri. Mu da muke ɓuya, ke kina raba takarda da adireshi?"

"Wa bai san inda muke ba, Mairo? Sama muke, kowa yana ganin mu."

"Wannan ba zai dawo da ita ba."

"Ke ma kina bayan gidan burodi ranar. Ungo biro."

Ba ta iya rubutu ba, sai na riƙa rubuta mata nata.

Wanda ya fi ba ni wuya babban ɗan Kande ne, Salim. Ma'aikaci ne, farar riga, mota mai kyau. Ya hau gadar da hantsi, ƙahon takarda a hannunsa, ya tsaya nesa kaɗan kamar mai jiran wani. Ya gaishe ni da ladabi, da Larabci.

"Khala, don Allah ki daina. Sunan mahaifiyata Halima. A wurin aikina wani ya kawo wannan yana tambaya. 'Ya'yana suna makaranta, ba na so a riƙa nuna su."

"A nuna su da me? Da cewa kakarsu ta soya gyaɗa ta sa ubansu a makaranta?"

"Ba haka nake nufi ba. In dole ne, ki rubuta Halima."

"Halima nawa ce a garin nan, Salim? In na rubuta Halima kowa zai ɗauka tasa ce. Kande kuwa sai an tambaya. Ni tambayar nake so."

Ya ce ba ni da hakki a kan sunan. Na ce gaskiya ne, shi ke da shi. Sannan na gaya masa abin da ba wanda ya gaya masa, kalmar da uwarsa ta yi ta faɗi, da inda muke lokacin, da abin da ke kafaɗata. Ban rage komai ba. Na ce in ya ji wannan ya ce in daina, zan daina, amma ya sani ɗayan sunan yana nan yana jira, shi kuma ba mai hawa gada ya roƙa a daina shi.

Ya daɗe yana kallon motoci a ƙasa. Bai ce ci gaba ba, bai ce daina ba, ya sauka. Bayan mako guda ya dawo ɗauke da babbar kula ta ruwa, ya ajiye a gefena. Da Hausa ya yi magana, karon farko da na ji ta a bakinsa, a karkace.

"Sadaka ne. Na Inna."

Ruwan sadaka a hanya ba baƙon abu ba ne a Madina, sabil ake ce masa, kowa ya sha ya wuce. Nawa sharaɗi ɗaya na sa masa. In mutum ya zo ya ce moya, sai in ce ba mu da shi, ruwa muke da shi, ce ruwa. 'Yan makaranta suka mai da shi wasa. Leburori suka koya. Wasu manya sukan ɓata rai su wuce da ƙishinsu, wasu su yi dariya su faɗa. Wanda na ga ya galabaita ba na ja masa, in ba shi tukuna, in ya sha in koya masa. Kullum sai na hau matakala da ƙanƙara a ka, ban da gyaɗa da shimfiɗa. Shekara goma sha ɗaya ina wannan. Gwiwoyin da kuke ganin ina ja, a matakalar nan na bar su.

Shekarar da zan sauka daga gadar, ina dawowa daga asibitin ƙafa, na shiga motar haɗaka. Direban Balarabe ne, magidanci da ɗan gemunsa, ban san shi ba. Wani mutum a gaba, daga gani ya daɗe rabonsa da unguwar, ya ce a sauke shi a Kubrin Takarna.

"Ina ne haka?" in ji direban.

"Gadar nan ta gaba, inda baƙaƙen mata ke sayar da loz."

"Kubrin Kandi kake nufi. Haka sunanta." Ya rage gudu. "Wurin ruwa."

Ruwa ya ce, ba moya ba, da harshensa mai nauyi. Mutumin ya tambaye shi wace ce Kandi, mene ne kuma ruwa. Direban ya ce ruwa dai moya ne, tun yana sakandare yake sha a can. Kandi kuwa wallahi bai sani ba, haka ya taso ya ji.

Na taɓa bayan kujerarsa na ce, "Ɗana, tsaya daga gefe ka kashe motar. Ni na sani."